Hancin Gida

A titin teloli babu wanda bai san Mai Zare ba. Shekararta sittin da huɗu, gajera ce, tana da tabarau guda biyu, ɗaya a ido ɗaya rataye a wuya, kuma duk ranar duniya sai ta nemi ɗaya daga cikinsu ta rasa. Idan tela ya shigo shagonta da guntun yadin da yake ɗinkawa, ba ta tambayarsa launin da yake so. Sai ta karɓa ta kai bakin ƙofa, ta juya shi sau ɗaya a haske, ta dawo ta miƙa hannu ta zaro kwarkwaron zaren da ya dace. In ya ce ai wancan ya fi, sai ta ba shi wancan ɗin ta ce, "Je ka, sai mai riga ta dawo maka da ita." Kuma ana dawowa da ita ɗin.

A ƙasa ne take Mai Zare. Da ta taka matakalar bene sai ta koma Auta, domin yayanta da ke zaune a sama bai taɓa yarda ta girma ba. Shekara goma sha bakwai ya ba ta. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, gwiwoyinsa sun gaza, rabonsa da saukowa shekara uku ke nan. Yana da kujera a kusa da taga, da rediyo, da sanda wadda ta daina tafiya ta koma buga daɓe. Bugu ɗaya shayi yake so, bugu biyu ta zo ta ji labari, bugu uku kuwa babu abin da yake so, yana dai duba ko tana nan.

Kakansu ne ya gina gidan, shekara ɗari da 'yan kai. Ƙofar gaba ta katako ce mai marfi biyu, an sassaƙa mata ganyaye da rassa, a samanta kuma gilasai ne ja da kore da shuɗi waɗanda suke zubo launi a kan kanta da hantsi. Shi ya sa ma take kai yadi waje kafin ta zaɓi zare, don gilasan suna sa fari ya yi ƙarya. Babban falon ƙasa, wanda yanzu shi ne shagon, daɓensa katako ne da aka ɗaga sama da ƙasa kamar kamu biyu, akwai fili a ƙarƙashinsa. Wasu manyan gungumen itace suna kwance a wannan filin, ginshiƙai huɗu suna tsaye a kansu, su kuma ginshiƙan su ne suke ɗauke da bene, da Yaya, da kujerarsa da rediyonsa. A rufin falon akwai furanni na farar ƙasa, goma sha biyu, babu biyu iri ɗaya.

Ofishin kula da tsofaffin gine-gine ya zo wata shekara ya manna allon tagulla a bango, mai cewa gidan abin tarihi ne, ba a taɓa shi sai da izini. Tun daga nan ɗalibai suke zuwa da manyan takardu su zauna a tsallaken titi suna zana shi. Baƙi su shigo su ɗaga kai su saki baki, su ɗauki hoto, su fita ko allura ba su saya ba. Ita dai takan ce, "Kallo kyauta ne, amma a matsa min daga gaban maɓallai."

A ɗakin da ke saman ƙofar aka haife ta. Ta yi aure a wani gari, mijin ya rasu, ta dawo shekara ashirin da biyu da suka wuce da akwati biyu da keken ɗinki. Ɗinki bai karɓe ta ba, bayanta ba ya jure dogon zama. Amma ta lura teloli suna tafiya har bakin kasuwa don zif ɗaya, sai ta ce wa Yaya ya ba ta falon. Ya ba ta, bisa sharaɗin ba za a buga ƙusa ko ɗaya a bango ko a ginshiƙi ba. Ta riƙe sharaɗin. Duk katakon jera kaya da ke shagon a kan ƙafarsa yake tsaye, kalanda ma a jikin akwati take rataye ta. Duk wanda ya ce ba ta son gidan nan bai gan ta ba ne a kan tsani tana goge gilasan da tsumma a bakin sanda, tana faɗa da duk wanda ya ce ta sauko kar ta faɗi.

To, a gindin bangon gaba, dab da ƙasa, akwai ramuka shida, kowanne an rufe shi da ragar ƙarfe mai siffar fure. Kakansu hancin gida yake ce musu. Tana yarinya, in babansu ya gan ta tana cusa tsinke ko takarda a ragar, sai ya daka mata tsawa, "Ke, bar masa hancinsa!" Ita dariya take yi ta gudu. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce ga dalili, ta ɗauka irin maganar manya ce, kamar yadda suke ce wa matakala ta bakwai Tsohuwa don tana kuka in an taka ta.

Shekara goma sha biyu da suka wuce ɓeraye suka shiga mata katan guda na zaren ado, mai sheƙin nan da ake yi wa wuyan riga, cikin mako ɗaya suka mayar da shi sheƙa. Ranta ya ɓaci ba kaɗan ba. Ta bi sawu ta gano ta ragogin suke shiga, don biyu sun ɓalle a gefe. Sai ta zagaya teloli ta tara ragowar ƙyallaye buhu guda, ta kwance ragogin ɗaya bayan ɗaya, ta yi ta cusawa tana dannawa da sanda har ya ƙi shiga. Da yake mai ido ce, ta ware baƙaƙen ƙyallaye ta sa su a gaba, ta yadda in ka leƙa daga titi duhun rami kawai za ka gani kamar kullum. Ta mayar da ragogin ta ɗaure. Aikin ya yi kyau har sai da ta yaba wa kanta. Ɓeraye suka ɗauke ƙafa, sanyin da ke hura mata idon sawu a bayan kanta shi ma ya daina. Ba ta gaya wa Yaya ba, ba don tana ganin ta yi laifi ba, don dai ba ta son dogon wa'azi.

Maɓalli ne ya fara tona asiri. Bara wani ya suɓuce mata daga kanta, ya gangara, bai tsaya ba sai a gindin ginshiƙin baya na hagu. Bayan kwana biyu kwarkwaro ya faɗi, shi ma can ya nufa. Daga nan duk abin da ya faɗi a shagon ta daina nemansa, ta san inda yake. Sai ƙofar ɗakin Yaya ta fara gogar daɓe. Sai wani wari ya riƙa tasowa da safe, irin na wankin da aka ninke bai bushe ba. Sai ta fara tarar da farin gari a kan baƙin zare, ta ɗaga kai ta ga tsaga siririya ta raba ɗaya daga cikin furannin rufi gida biyu.

Yaya ya ce manyan motoci ne. "Tunda suka karkato da su titin nan nake faɗa. Gidan da aka gina don ƙafa da keke, a ce yana shan girgizar tirela?" Kullum sai ya buga sanda sau biyu don ta hau ta ji adadin waɗanda suka wuce. Ita ma ta yarda, ta taya shi zagin direbobi.

Ana nan wata biyu da suka wuce kafintan da ke bayan layinsu ya shigo sayen zaren ɗinkin kujera. Yana jiran ta ɗauko, ya tsaya kusa da ginshiƙin nan. Ta ga ya ɗan yi lilo a kan dugadugansa, ya shaƙi iska, ya ƙara yin lilon.

"Mama, ƙasan nan ba ya shan iska ne?"

"Wace iska kuma?"

"Irin wannan daɓen ai sai iska tana ratsa ƙarƙashinsa, ta shiga ta nan ta fita ta can. In babu ita laima ce za ta kwanta, gungumen su ruɓe." Ya leƙa waje ya dubi gindin bango. "Amma na ga ragoginku lafiya lau suke. To ban sani ba."

Ya karɓi zarensa ya tafi. Ita kuwa tana tsaye riƙe da almakashi. Hanci. Ashe da gaske numfashi yake yi da shi.

Tun daga ranar ba ta sake samun kwanciyar hankali ba. In Yaya ya buga sanda, kafin ta amsa sai idonta ya kai kan ginshiƙin, domin kujerarsa daidai samansa take. Ta ce ya matsa ɗaya tagar, ta fi iska. Ya ce a nan ne rediyo yake kamawa. Ta ce to a juya gadon a kai shi jikin bango. Ya ce, "Auta, ke da ba ki taɓa damuwa da inda nake kwana ba, me ya same ki?" Sai ta koma sauko da kaya a ɓoye, da sunan shara. Yau tsofaffin littattafansa guda biyar, gobe dutsen guga, jibi tukwanen ƙarfen mahaifiyarsu, kamar waɗannan ne za su sauƙaƙa wa ginshiƙi. Ta san shirme take yi, amma zama babu abin yi ya fi ƙarfinta. Ta rame. Rannan ta ba wani tela shuɗin zare a kan koren yadi, ya dube ta ya dubi zaren, ya ajiye mata shi a kan kanta ya fita.

Sai takarda ta zo ranar Litinin daga ofishin masu allon tagulla. Wani ɗalibi ne ya zana gidan, malaminsa ya ce layin tagogin sama a karkace yake, ya sake. Ya sake, ya ƙara fitowa a karkace, sai malamin ya zo da kansa ya duba. Takardar ta ce injiniya za ta zo ranar Alhamis, kuma in an samu haɗari za a fitar da duk wanda ke zaune a sama har sai an gyara. Ta karanta da tabarau na farko, ta sake karantawa da na biyu, maganar ba ta canja ba.

Abu biyu take tsoro, kuma a haɗe suke. Za a sauko da Yaya daga gidan da aka haife shi, yana da shekara tamanin da ɗaya, kuma zai san hannunta ne ya jawo.

Shi ko da ya ji, har da tafi. "Madalla! Su zo su ga abin da motocinsu suka yi." 'Yarsa tilo, wadda kowa ke ce wa Malama don tana koyarwa, ta bugo waya daga ɗaya gefen gari. "Goggo, ni dama na daɗe ina cewa ya dawo wurina. Ɗaki na nan a ƙasa, babu hawa babu sauka." Auta ta ce, "Bari dai a zo a gani," ta kashe wayar da sauri.

Ranar Laraba da sassafe, kafin teloli su buɗe, ta fito da sukudireba da ƙugiyar saƙa ta durƙusa a gaban raga ta farko. Nufinta ta zare ƙyallayen kafin gobe, in ya so a ce motoci ne. Ƙusoshin sun yi tsatsa sun haɗe da ƙarfen, ta murɗa har tafin hannunta ya yi ja, ko motsi. Ta zura ƙugiyar ta cikin furen ragar ta kamo wani abu ta jawo. Baƙin ƙyalle ne ya fito, jiƙe, yana wari, ya tsinke a hannunta. Na bayansa kuwa ya dunƙule ya yi tauri, ƙugiyar ma lanƙwasa ta yi.

"Mama, lafiya kike durƙuso da safen nan?"

Dogon Tela ne, maƙwabcinta na dama, da makullinsa a hannu.

"Allura na yar."

"Ke da kike da allura dubu a ciki?"

"Wannan ɗin nake so. Buɗe shagonka."

Ya yi dariya ya wuce. Ta dunƙule ƙyallen a hannu ta miƙe da ƙyar, gwiwarta na ƙara. Ragogi shida ne, ko rabin ɗaya ba ta ci ba, ga titi ya fara cika.

Injiniyar ta zo ranar Alhamis da hantsi. Mace ce da ba za ta wuce shekara arba'in ba, da takalmin aiki da jaka a kafaɗa. Ta gaishe da Auta har da russunawa, sannan ta tsaya a tsakiyar shagon ta ɗaga kai. Ba irin kallon baƙi ta yi wa furannin ba. Ta daɗe tana bin su ɗaya bayan ɗaya, ta ce a hankali, "Da hannu aka yi su, ba da ma'auni ba. Wanda ya yi wannan ya san aikinsa." Auta ta ji daɗi, kuma jin daɗin ya ƙara mata jin laifi.

Injiniya ta hau ta gaida Yaya, ya ba ta lissafin tireloli na mako guda, ta saurara har ƙarshe. Da ta sauko ta sa aka kira kafintan nan ya ɗaga katako biyu a gindin ginshiƙin. Warin da ya taso sai da Auta ta ja da baya. Injiniya ta fito da doguwar sukudireba ta soka a jikin gungumen da ginshiƙin ke tsaye a kai. Ta shige har mariƙi, kamar a cikin burodi. Ta zare ta soka a wani wurin, haka. Kafinta ya ce, "Kai!" ya rufe baki.

Sai injiniya ta shimfiɗa buhu ta kwanta rub da ciki, ta zura kai cikin ramin da tocila. Ta kashe tocilar. Ta daɗe a haka. A sama Yaya ya buga sanda sau uku, gari ya zubo daga rufi a kan kafaɗar kafinta, ba wanda ya amsa masa.

"Abin mamaki," in ji muryarta daga ƙarƙashi. "Ya kamata in ga hasken titi ta ramukan iska. Ko ɗigo babu."

Auta ta shirya ƙarya tun jiya, har guda biyu. Ta buɗe baki ta ji babu ko ɗaya a ciki.

"Ni na toshe su, 'yata. Da ƙyalle. Shekara goma sha biyu."

Injiniya ta fito da kanta ta zauna a kan daɓe, yanar gizo-gizo a goshinta. Ba ta yi faɗa ba, Auta kuwa ta so a ce ta yi. Ta ce, "Saboda ɓeraye ko?" Auta ta gyaɗa kai. "Haka ake yi, Mama. Mu je mu ga na baya."

"Akwai na baya?"

"Dole akwai. Iska ba ta shiga inda ba ta da mafita."

Suka bi ta ƙaramar ƙofa zuwa tsakar gida. A gindin bangon baya wasu tsofaffin gangunan ruwa ne a jere, tun dawowarta a nan ta same su, ba ta taɓa matsar da su ba. Kafinta ya mirgine su gefe. Ga ramuka shida, daidai da na gaba, amma babu raga ko ɗaya. An shafe su da siminti sumul, har gansakuka ta fito a kai. Injiniya ta ƙwanƙwasa da mariƙin sukudireba, ta kankare gefe ta duba.

"Wannan ba naki ba ne, ya girmi naki nesa. Zai kai shekara ashirin da biyar." Ta share hannu a wando. "Da ɗaya gefen a buɗe yake, da ya ɗan riƙa jan numfashi yana lallaɓawa. Biyun ne suka haɗu suka gama da shi."

Sannan ta faɗi abin da Auta ta kwana uku tana gudun ji. Gobe za a kawo ƙarafa a tokare rufin. Zuwa Asabar kada a bar kowa a sama, kuma kada a bar komai mai nauyi, har gado da kabad. Za a iya ceto gidan, furannin ma watakila goma daga cikin sha biyun. Aikin wata shida ne in an samu itace mai wannan kaurin da wuri, in ba a samu ba ya iya kai shekara.

Auta ta hau matakalar a hankali, tana riƙe da bango. Yaya yana kujerarsa, ya juyo da fuska cike da jiran nasara.

"Me ta ce? Motocin ne ko?"

Ta zauna a bakin gado. "Yaya, ni ce na toshe hancin gaba." Ta ba shi labarin duka, da ɓerayen, da buhun ƙyalle, da baƙaƙen da ta sa a gaba don kar a gani. Tana magana tana kallon hannunta, tana jiran tsawar da rabonta da ji tun ta babansu.

Ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Ana jin kekunan teloli daga titi.

"Ta zagaya baya?"

"Ta zagaya."

"Ta matsar da gangunan?"

Sai a lokacin Auta ta ɗago ta dube shi. Idonsa yana kan sandarsa.

"Ba kya nan lokacin," ya ce. "Da uwar Malama ta kwanta ciwon ƙirjin nan, ba ta iya hawa, sai na sauko da ita ɗakin baya. Sanyi yana tasowa ta tsakanin katako, ta yi ta tari har magana ta gagare ta. Ni na san dalilin ramukan. Ni ne babba, ni Baba ya zaunar ya gaya wa. Na ce wata biyu kawai, in ta warke in fasa." Ya murza kan sandar. "Ba ta warke ba. Ni kuma ban iya komawa bayan nan da guduma ba. Kullum sai in ce gobe. Da na ga ƙofar nan ta fara goga, na san ko mene ne. Ina ta ce wa raina ai na gaba suna nan a buɗe."

Ta rasa me za ta ji. Haushi ya taso mata, tausayi ya danne shi, sai kuma wani sauƙi mai kunya, na wanda ya gano ba shi kaɗai ba ne.

"Kuma ka bar ni shekara guda ina zagin bayin Allah direbobi?"

"Ke ma ai kin iya. Har kin fi ni."

Suka yi 'yar dariya wadda ba ta je ko'ina ba. Ya dubi rufin ɗakin, ya dubi tagar.

"Sai na sauka ke nan."

"Zuwa Asabar."

"Wata nawa?"

"Shida," ta ce. Ba ta faɗi sauran ba, kuma daga yadda ya gyaɗa kai ta san ya ji sauran.

Juma'a aka tokare rufin da ƙarafa takwas, shagon ya koma kamar daji. Dogon Tela ya ba ta rabin shagonsa ta jera zarenta, ita kuma za ta riƙa kwana a ƙaramin ɗakin da ke tsakar gida, wanda ba ya haɗe da benen. Asabar da safe Malama ta zo da mota. Kafinta da Dogon Tela da wasu teloli biyu suka ɗauko Yaya a kan kujerarsa, biyu a gaba biyu a baya, injiniya tana ƙasa tana cewa su bi jikin bango, kar su taka tsakiya. Auta tana biye da su riƙe da rediyo har ƙafar kujerar ta taɓa ƙasa.

A tsakiyar falon ya ce su dakata. Ya ɗaga kai ya dubi furannin ta tsakanin ƙarafa, ya dubi hasken gilasan a kan rigarsa, ja da kore. Rabonsa da ganinsu shekara uku. Ba wanda ya hanzarta shi. Can ya ce, "To, mu je."

Da aka zaunar da shi a mota aka rufe ƙofa, sai ya ƙwanƙwasa gilashi. Malama ta sauke masa. Ya yafito Auta ta sunkuyo.

"Ki bar min gadona a shimfiɗe. Ki riƙa kaɗe zanin, kar in dawo in tarar da ƙura."

"To, Yaya."

"Kin ji ko?"

"Na ji. Zan bar shi."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaga hannu. Kafinta yana bayanta da guduma da sufana, ta riga ta roƙe shi tun da safe kada ya taɓa komai sai ta ce. Motar ta bi titin a hankali, ta tsaya ta ba wani mai tura kura hanya, ta ci gaba, ta sha kwana. Auta ta ƙara jira kaɗan, ko za su dawo ɗaukar wani abin da aka manta. Ba su dawo ba.

"Hau ka kwance gadon," ta ce, ba ta juyo ba.